Gumbar Tsohon Ladan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mijina ya rasu. Ba uban 'ya'yana nake nufi ba, shi yana nan garau a Taba yana fama da tumatirinsa. Kakana nake nufi, mahaifin babana, wanda tun ina rarrafe yake kirana amarya, ni kuma nake kiransa tsoho mai rowar goro. Ya cika da hantsi a ƙauyenmu da ke gefen Gazara, a lokacin da rake ya isa sara, kuma kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ban taɓa ganin zaman makoki mai baki iri-iri kamar nasa ba. Dattawan masallaci sun cika tabarmin ƙofar gida, liman yana ta maimaita cewa murya ta tafi, domin Kaka ya daɗe yana ladanci. Fulanin ruga, dangin marigayiya kakata, sun jingine sandunansu a bango sun zauna gefe guda. Wani tsoho a cikinsu ya ce shanun Kaka ne suka yi maraici. Washegari kuma sai ga mutanen wani ƙauye da ke bayan Saulawa, inda aka haifi Kaka, matansu sanye da zanen zumuntar majami'a. Suka tsaya can ƙarƙashin mangwaro suna kallon ƙofar gida, ba su san ko su matso ba. Sai da na fita da kaina na jawo matan zuwa cikin gida.

A nan cikin gida ne wata maƙwabciyarmu ta gama ta'aziyyarta, ta shafa addu'a, sannan ta ƙara da cewa, "Allah dai ya yafe masa abin da ya cakuɗa."

Baba Ƙarami, ƙanen mahaifina, yana tsaye a bakin zaure ya zo karɓar buta. Ya ce amin da ƙarfi, irin amin ɗin wanda aka sosa wa inda yake masa ƙaiƙayi. Ni ban ce amin ba. Na kalle ta har sai da ta gyara mayafi ta tashi. Wannan kalma, cakuɗa, ita ta hana ni zama lafiya, ita kuma ta sa na zauna rubuta wannan. Idan na yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da jikokinmu za su ji game da shi ke nan: wani tsoho da ya cakuɗa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a wuyana. A ciwonsa na ƙarshe Kaka ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Amarya, ke ce mai bakin tsiya a gidan nan, shi ya sa ke zan bar wa. Ranar bakwai ɗina a daka gumba, a sa mazarƙwailar rakena. Taɓaryar farko kuma ƙanwata ce za ta buga. Ba ke ba, ba matan gidan nan ba. Ita."

Na ce, "Kai da ka ƙi mutuwa tun bara, wace bakwai kake lissafi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, amma bai sake mini hannu ba sai da na ce na ɗauka.

Ƙanwar tasa, wadda babana da ƙanensa suke kira Goggo, mu jikoki kuma muke kira Iya, majami'a take zuwa ranar Lahadi. Ba ta biyo 'yan ƙauyensu wurin ta'aziyya ba. Ta aiko su da cewa a faɗa wa amaryar Yaya tana nan tana jiran ranar bakwai. Shi kuwa Baba Ƙarami, tun kafin a naɗe tabarmin zaman makoki ya tara mu ya yanke magana: ba sadakar bakwai, ba gumba, kuma ba za a kawo wadda ba ta salla ta yi wa mahaifinsa wata al'adar arna a cikin gida ba. Ya sa aka kife babban turmin gidan a bayan rumbu.

Bari in faɗi wane ne wannan mutum da ake neman a tankaɗe kafin a tuna da shi.

Bamaguje aka haife shi, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba ko sau ɗaya. Yana saurayi ya zo aikin matsar rake a wajen Gazara, ya musulunta a hannun malamin da yake yi wa aiki, ya zauna cikin yara da gemunsa yana koyon Fatiha. Ya auri Bafulatana mai tallar nono, wadda ta haifa masa babana da Baba Ƙarami. Ƙanwarsa ta zauna can gida, daga baya ita da mijinta suka shiga majami'a. Gida ɗaya, nono ɗaya, hanya ta rabu.

Abin da ya bari ya bar shi har abada. Bai sake ɗanɗana giya ba. Yankan da ake yi a gindin kuka don kan gida, wato abin bautar gidansu, ko labarinsa ba ya so a yi a gabansa. Na taɓa tsokanarsa na ce ya raka ni in ga kukar, sai fuskarsa ta canja ya ce, "Wancan na bar shi, ban kuma waiwaya ba. Kar ki sake." Ban sake ba. Amma akwai abubuwan da ya taho da su, ya kuma ƙi ajiyewa ƙememe. Ranar da zai fara sara a gona sai ya tsaya a bakin kunya ya yi wa gonar sallama, kamar mai shiga gidan mutane. Waƙoƙin gayya na ƙauyensu suna bakinsa har ya tsufa, ya dai cire sunayen da bai yarda da su ba ya sa salati a gurbinsu. Gumbar mamaci ma can ya gan ta tun yana yaro, da ya zo nan ya tarar Musulmi ma suna yi da sunan sadaka, sai ya ce to madalla, ashe ba baƙo ba ne shi. Abu ɗaya da ya bambanta shi ne, a gidansu 'yar'uwar mamaci ce take buga taɓaryar farko.

In an matsa masa da tambaya amsarsa ɗaya ce: "Wanda nake yi wa sujada ɗaya ne. Waɗanda nake cin tuwo da su ne suke da yawa."

Bakinsa ma haka yake. Da mutane Hausa yake yi, irin ta ƙauyensu mai nauyi, wadda 'yan makaranta suke kwaikwayo su yi dariya. Da shanu kuwa Fulatanci yake yi, wai saniya ba ta jin Hausa, shi ya sa shanun Hausawa ba su da ladabi. A wurin kakata ya koya, kuma ta mutu tana cewa ya ɓata mata yare. In Bafulatani ya yi masa alheri sai ya ce useko, in direban da ya zo lodin rake ya yi masa wasa da hankali sai ya ce masa ba tayim. Har a ƙofar masallaci na sha jin yana tafa hannu yana cewa, "Tayim ya yi, jama'a, a yi alwala." Larabcinsa bai wuce na salla da 'yan addu'o'i ba, amma abin da ya riƙe ya riƙe shi da kyau.

Kiran sallarsa kuwa, duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san shi. Yana jan sa, yana lanƙwasa ƙarshensa, daidai yadda mai ba da waƙa yake yi a gonar gayya. Matan da ke tsinkar barkono a fadama suna jin sa su miƙe. Ni da shi na tashi, har na yi aure ban san akwai wani irin kira ba.

A kan wannan kiran suka yi rigimarsu mafi zafi da Baba Ƙarami. Lokacin na zo gida wankan jegon ɗana na fari, ina kwance a ɗaki, zana ce kawai tsakanina da su. An sa wa masallaci lasifika, matasan da suka yi karatu suka ce kiran Kaka bai dace ya fita ta cikinta ba. Kunyar tunkararsa ta hana kowa, sai aka turo ɗansa.

"Baba, ba wai muryarka ce ba ta da daɗi ba," in ji Baba Ƙarami. "Kiran salla yana da ƙa'ida. Kai kana jan sa kamar waƙar noma."

"Da nake jan sa, mutane suna zuwa ko ba sa zuwa?"

"Suna zuwa, Baba. Ba maganar zuwa ake yi ba."

"To bakin da na zo da shi duniya ke nan. Da shi na yi wa uwata kuka, da shi na yi kalmar shahada. In ana sayar da wani a kasuwar Makarfi, je ka sayo mini."

"Baba, so nake addininka ya zama zalla. Ba na son a riƙa nuna ka."

"Kai ake nunawa ko ni?"

Daga nan na ji ƙarar mabuɗin masallaci, Kaka ya jefa shi a kan tabarma. Baba Ƙarami ya fita yana share ido da hannun riga, na hango shi ta ramin zana.

Ba zan ce Baba Ƙarami bai san abin da yake faɗa ba. Ya zauna gaban malamai, ni ban zauna ba, kuma mai yiwuwa a kan ƙa'idar kira shi ne da gaskiya. Kaka ma bai ja da wannan ba. Bai sake taɓa lasifikar ba, kullum kuma yana sahun gaba a bayan sabon ladan. Amma washegarin rigimar, da azahar ta yi, ya hau kan wani suri a tsakiyar gonar rakensa ya toshe kunne ya kira salla ga masu sara, da tsohuwar muryarsa, bai rage ko lanƙwasa ɗaya ba. Ya ce gona tasa ce, surin ma nasa ne. Haka ya ci gaba duk kakar rake har ƙafa ta hana shi hawa.

Kuma don kada a ce na wanke shi tas saboda mijina ne, Kaka yana da taurin zuciya. Babana ya ba ni labarin cewa suna yara an sha tsokanar Baba Ƙarami a makaranta ana ce masa jikan arna. Wata rana ya yi dambe a kan haka, ya dawo da yagaggiyar riga da fasasshen leɓe, yana jiran uba ya rarrashe shi. Kaka ya dube shi ya ce, "To ƙarya suka yi?" Ya ci gaba da gyaran fartanyarsa. Wannan kam bai kyauta ba. Yaro ya zo da ciwo, ka ƙara masa da gaskiya. Ina ganin tun ranar Baba Ƙarami yake ƙoƙarin goge wannan suna daga jikinsa, har yau kuma bai gama ba. Yana son mahaifinsa, na sani. Tsoro yake ji masa, yana kuma jin kunyarsa, abin ya haɗe masa.

Tsakaninsa da Iya kuwa sai wanda ya gani. Duk azumi sai ta aiko masa da gero da tsamiya na kunun buɗa-baki. Duk layya cinyar ragonsa tata ce, ba mai taɓawa. Ranar Kirsimeti da sassafe yake ɗaukar wuƙarsa ya tafi ƙauyensu, ya fuskantar da akuyarta alƙibla ya yanka da bismilla, don maƙwabtanta Musulmi su ci ba tare da shakka ba. Shekarar da ta karye a ƙafa, bayan mijinta ya rasu, can ya koma ya tare wurinta. Ranar Lahadi sai ya ɗora ta a bayan keke ya tura har ƙofar majami'a, ya sauke ta, ya koma gindin wata ɗorawa ya zauna yana jan carbi har a tashi. Labari ya iso ƙauyenmu kafin shi. Da ya dawo wani dattijo ya tare shi ya ce, "Ladan, an ce an gan ka a coci."

Ya ce, "A ƙofa aka gan ni. Wanda ya ba ka labari bai gaya maka ƙafar ƙanwata a karye take ba?"

To wannan shi ne cakuɗar. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke wa kowa hukunci ba, amma ina da ido ina da kunne. Maƙwabciyar da ta roƙa masa gafarar cakuɗa, da ta aurar da 'yarta an yi kamu, an yi ƙunshi, an yi buɗar kai, ban ji ta tambayi daga wane littafi suka fito ba. Baba Ƙarami mai son zalla yana ce wa 'yar'uwar ubansa Goggo, yana ce wa ɗan'uwan uwarsa Kawu, kakata kuwa ta sha gaya mana daga bakin Fulani muka ɗauke su. Ya ce zai sa waya a caji ya hau mota ya je ofis, ya dawo ya ce in sha Allahu, duk a numfashi ɗaya, kuma a wurinsa Hausa yake yi tsantsa. Hausa ce kuwa. Haka take, haka muka same ta. In aka ce sai an tsince duk abin da ya shigo daga wani wuri, ban san da me za mu gaisa ba.

Na yarda akwai cakuɗar da ake gudu. Wanda ya haɗa Allah da wani a wurin bauta ya yi ɓarna, Kaka ma da bakinsa ya faɗa, ya kuma nuna da aikinsa ranar da ya juya wa kukar gidansu baya. Amma mutum ya riƙe muryar uwarsa, ya riƙe yaren matarsa, ya riƙe hannun ƙanwarsa, a ce wannan ma sai an nema masa gafara? A nan ne ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Shi ya san inda ya ja layinsa. Masu magana ne ba su tsaya sun duba ba, sun hango launi biyu daga nesa sun ce datti ne.

Na sami babana a kan maganar gumba. Shi mutum ne da ba ya son hayaniya, ko kaza ce ta shiga masa ɗaki sai ya jira ta fita don kanta. Na gaya masa wasiyyar Kaka. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "A bar maganar nan, kar a raba gida."

Na ce, "Baba, an riga an raba. An bar Iya a waje."

Ya ci gaba da murza hularsa. Na ɗauki shirunsa a yadda ya yi mini daɗi.

Na surfa gero a gidan wata ƙawata, na wanke na jiƙa, na tanadi citta da kanumfari, na ɗebo mazarƙwaila daga cikin wadda Kaka ya bari a ɗakinsa. Ban yi a ɓoye ba, duk wanda ya tambaye ni na gaya masa. Ranar bakwai da safe na sa maigidana ya kawo a-kori-kurar da yake kai tumatir kasuwa, muka tafi bayan Saulawa. Mun tarar da Iya a zaune a bakin ɗakinta, ta yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau, sandarta a kan cinya, ɗan gicciyenta a wuya. Ta ce, "Na san za ki zo. Ya ce mini bakinki ya fi na kowa tsiya."

Da muka iso gida mutane sun cika ƙofa. An ce ba bakwai, amma ƙafa ta saba, kowa ya zo ya zauna kamar wucewa yake yi. Liman yana nan, Fulanin ruga suna nan, babana yana gefe ya sunkuyar da kai. Na riƙo Iya muka sauka. Ta yi sallama da 'yar muryarta, wasu suka amsa, wasu suka kalli ƙasa.

Baba Ƙarami ya taso daga bakin zaure. Zan faɗi gaskiya, bai yi mata rashin kunya ba. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Goggo, sannu da hanya. Ya haƙuri?"

"Mun gode Allah, ɗan yayana. Ya namu haƙurin?"

"Da godiya. Goggo, ki zauna nan inuwa a kawo miki ruwa. Amma abin da aka ɗauko ki ki yi, ba za a yi shi a cikin gidan nan ba. Ina tsoron abin da zai iske Baba a kabarinsa."

Iya ta dube shi. Ni kuwa na buɗe baki zan fara, ta matse mini hannu.

Ta ce, "Na ji. Gida naku ne yanzu, ba zan shiga inda ba a so ba." Ta nuna ƙasa da sandarta. "Nan da nake tsaye fa, gida ne ko hanya?"

Ya ce, "Hanya ce, Goggo."

"Ta wa?"

"Ta kowa ce."

Ta juyo gare ni. "Amarya, kawo mini turmin nan."

Ban jira an maimaita ba. Na shiga na tayar da turmin daga bayan rumbu na kwantar da shi na mirgino. Da na iso zaure Baba Ƙarami ya koma ya tsaya a ƙofa. Ban tsaya ba, ya rage nasa ko ya matsa ko turmi ya bi ta kan ƙafarsa. Ya matsa. Matan gida suka biyo ni da hijabansu suka cunkushe a zaure suna leƙe. A ƙauyenmu ba a taɓa kafa turmi a gaban maza masu zaman makoki ba. Abin da ya so a hana a bayan katanga, ga shi ya fito fili kowa yana gani.

Na wanke turmin na zuba gero. Na miƙa wa Iya taɓarya. Ta ba ni sandarta ta kama taɓaryar da hannu biyu, ta ja, taɓarya ta ɗan ɗaga ta koma. Ta sake ja, ta kasa raba ta da bakin turmi. Na ga idonta ya cika, ba don nauyin icen ba, don ta zo har nan kuma jiki zai ba ta kunya.

Kafin in miƙa hannu na ji motsi a bayana. Babana ne. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba, ya saɓa babbar rigarsa a kafaɗa, ya ratso tsakiyar maza, ya zo ya kama taɓarya a saman hannun goggonsa. Namiji da furfura, a gaban liman, riƙe da taɓarya. Wani saurayi ya fara dariya, tsohon Bafulatanin nan ya juya ya kalle shi, dariyar ta mutu.

Babana ya ce, "Ɗaga, Goggo. Ina riƙe."

Iya ta ce, "Bismillahi," yadda kowa a ƙasarmu yake faɗa in zai fara aiki, ɗan masallaci da ɗan majami'a. Taɓarya ta tashi ta sauka, dum. Ta sunkuya kan turmin ta ce a hankali, "Yaya, na zo."

Daga nan ban san wadda ta fara fitowa ba. Na dai ga matar babana da taɓarya, ga wata 'yar'uwarmu da tata, na karɓi ta hannun Iya, muka shiga lugude a bakin hanya muna kuka. Aka zuba mazarƙwaila da kayan ƙamshi, aka dunƙula, aka zaga da ita a faifai. Liman ya ɗauka ya ci, ya ɗaga hannu ya yi wa mamaci addu'a mai tsawo. Fulani suka ci. Maƙwabciyarmu mai maganar cakuɗa ma ta ci, har ta ƙulla wata a bakin mayafi.

Baba Ƙarami bai ci ba. Tun bugun farko ya ɗauki takalmansa ya tafi masallaci, bai fito ba sai da aka watse. Har yau in na gaishe shi a taƙaice yake amsawa. Ina gaishe shi duk da haka, ubana ne. Amma ban ba shi haƙuri ba, kuma ba ni da niyya.

Da yamma muka mayar da Iya. Muna zaune a gaban mota, kanta a kafaɗata, na ɗauka barci take. Mun wuce Ikara sai ta ce, "Amarya, rabin maganar ya gaya miki."

Na ce, "Wace magana?"

"Alkawarin biyu ne. Ranar da muka binne innarmu muka yi shi, lokacin bai daɗe da fara salla ba, kowa yana cewa ya bar mu ke nan. Ya ce in ya riga ni, in daka masa gumba. In na riga shi, shi zai haƙa mini kabari da hannunsa, ko da garinku kaf za su daina amsa kiransa." Ta ja numfashi. "Ni na sauke nawa. Shi ya gudu da nasa, ɗan banza."

Na ce ai mutanen majami'arsu ba za su bar ta ba.

Ta ce, "Za su haƙa, na sani. Ni hannun gidan Yaya nake so a ciki."

A wurinmu mace ba ta haƙa kabari, ko maƙabarta ba ta bin gawa. Iya ta san haka, ni ma na sani. Na dube ta, 'yar tsohuwa kamar a hure ta ta faɗi, na ce, "Iya, ke dai ki mutu ki gani."

Ta yi dariya har da dukan cinyata, sannan ta rufe fuska da gefen zane har muka isa.

Allah ya jiƙanka, tsoho mai rowar goro. Allah ya karɓi kiran da ka yi a masallaci da wanda ka yi a kan suri, ya yafe maka taurin kanka, ya haskaka makwancinka, ya sanyaya zuciyar ɗanka da ke tsoro dominka. Ka tafi ka bar mini aiki, kamar yadda ka saba.

Na gaya wa babana sauran alkawarin, ya ce in Allah ya kai mu zai je. Na gaya wa maigidana da 'ya'yana maza. Na je har zaure na gaya wa Baba Ƙarami ido da ido, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na kuma gaya musu duka cewa ranar da abin ya zo, in na waiwaya ban ga namiji ko ɗaya daga gidan Kaka ya tashi ba, ni zan tashi, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Iya ta aiko wai in kwantar da hankalina, ba ta sauri. Na aika mata cewa kar ta yi sauri, amma diga da shebur suna nan a bayan ƙofata.